Waƙoƙin Samariya da Tele Sahel a Damagaram: Tarihinsu da Dalilin Daɗewarsu

A Damagaram akwai rukunin waƙoƙi da manya ke kira waƙoƙin da, ko waƙoƙin festibal, ko na zamanin samariya. An tsara yawancinsu tsakanin tsakiyar shekarun 1970 da farkon shekarun 1990, kuma sun shiga gidajen mutane ta rediyon ƙasa da Tele Sahel, tashar telbijin ɗaya tilo da Nijar ke da ita a lokacin. Ƙungiyoyin da suka yi su sun watse, da yawa daga mawaƙan sun riga mu gidan gaskiya, gwamnatin da ta ɗauki nauyinsu ma ta shuɗe. Amma har yau ana jin su a shagon tela, a motocin haya masu bin hanyar Kano da Maraɗi, a wajen biki idan iyaye mata suka shiga fili, da kuma cikin wayoyin matasan da ba a haifa ba sa'ad da aka ɗauke su.

Ba a Nijar kaɗai waƙar telbijin ke fin shirin da ya haife ta tsawon rai ba. A Amurka, tashar ABC ta nuna wani wasa mai suna The Partridge Family daga 1970 zuwa 1974, labarin wata uwa da mijinta ya rasu, ta haɗa 'ya'yanta biyar suka kafa ƙungiyar kiɗa suna yawo gari gari cikin bas. An ari tunanin ne daga wasu 'yan gida ɗaya na gaske da ake kira Cowsills, amma iyalin da aka gani a tele na ƙirƙira ne. Mutum biyu kawai daga cikinsu suka rera waƙa a faifai, Shirley Jones da David Cassidy, wanda ɗan mijinta ne a zahiri. Sauran kiɗan da amshin ƙwararrun ɗakin ɗaukar sauti ne suka yi. Duk da haka waƙarsu ta farko ta hau kan gaba a jerin waƙoƙin ƙasar a ƙarshen 1970, kuma waɗanda suka tashi da shirin suna sauraren faifan har cikin tsufansu. A Damagaram abin ya zo ne ta ɗaya gefen. Iyalin makaɗa na gaske ya riga telbijin da ƙarnuka, kuma da akwatin ya iso, sai ya tarar da su, ya kuma haifar da wani sabon irin dangi wanda ba na jini ba.

Kiɗa a tsohuwar daular Damagaram sana'ar gado ce. Malam Yunus ya kafa gidan sarautar a farkon rabin ƙarni na 18 ƙarƙashin inuwar Barno, Sarki Sulaiman ya mai da Zinder mazauninsa a farkon ƙarni na 19, Tanimun kuma, wanda ya rasu a 1884, ya kewaye Birni da garu, ya tara bindigogi da igwa, ya sa garin ya zama babban zangon ayarin da ke tafiya tsakanin Kano da Tarabulus. Fada irin wannan ba ta zama ba kiɗa. Akwai masu kakaki da masu algaita, masu ganga da masu tambari, akwai zabiyoyi da sanƙirori, kowane da gidansa da shugabansa da ranar fitarsa. A wajen fada ma kowace sana'a da makaɗanta. Kalangu na mahauta ne, shi ke tashi ranar hawan ƙaho, manoma da maƙera da 'yan kokowa kuma kowa da nasa.

Ƙungiyar kiɗa a wannan tsari iyali ce. Uba ke jan waƙa, ƙannensa da 'ya'yansa ke amshi, yaro ya fara da kanzagi tun hannunsa bai yi ƙwari ba, ya shekara da shekaru yana bin manya kafin a ba shi babbar ganga. Ba a koyon kirarin sarakuna a wani wuri sai a nan, shi ya sa gidajen makaɗa suka zama ma'ajiyar tarihin ƙasar. Mu'azu Ɗan Alalo, wanda ya rasu a farkon shekarun 2000, shi ne wanda ya fi fito da wannan a fili a ƙarni na 20. Dogayen waƙoƙinsa sun ƙunshi labarin sarakunan Damagaram da wahalar aikin tilas na zamanin Faransawa, har masana tarihi kan koma gare su kamar yadda suke komawa ga takardun gwamnati. Sai dai darajar waƙar ba ta bi mawaƙin gida ba. Makaɗi maroƙi ne a idon jama'a. Ana ba shi riga da doki, amma ɗan sarauta ko ɗan malam ko ɗan attajirin unguwar Zango ba ya ɗaukar ganga, kuma ba kasafai ake ba makaɗi auren 'yar irin waɗannan gidaje ba. Wannan katanga ce samariya ta zo ta tsaga.

Faransawa sun ci Damagaram a 1899, suka mai da Zinder hedikwatar yankin a 1911, sannan suka ɗauke ta zuwa Yamai a 1926. Mutanen garin ba su manta da wannan ɗaukewa ba, kuma duk wanda yake son ya gane zafin da Damagarawa suka riƙa shiga gasar waƙa da shi daga baya, to ya fara daga nan. An buɗe Rediyo Nijar a 1958, aka haɗa ta cikin hukumar ORTN a 1967. A zamanin Diori Hamani an riƙa shirya makon matasa a Yamai, inda ƙungiyoyi daga jihohi ke zuwa da waƙa da rawa da wasan kwaikwayo. Amma kunnen Damagaram a lokacin ya fi karkata kudu. Yamai na da nisan kusan kilomita 900, Kano kuwa ba ta kai 250 ba, saboda haka Rediyon Kaduna da Mamman Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos sun fi kusa da mai shayi a Zinder fiye da duk abin da ke fitowa daga babban birnin ƙasarsa.

Sojoji sun karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu 1974, ƙasa na fama da yunwar da fari ya jawo. Shugabansu Seyni Kunce ya hana jam'iyyun siyasa, sai ya nemi wata hanyar da zai riƙe matasa, ya same ta a tsohuwar al'adar samariya da sarkin samarinta. Aka kafa samariya a kowace unguwa da kowane ƙauye. Aikinsu na rana gayya ce: share titi, gina aji, dashen itace, gyaran rijiya. Aikin dare kuwa waƙa da rawa da wasa. Daga 1976 aka fara babban bikin matasa na ƙasa, wanda kowa ya sani da festibal. Ana yin sa a watan Afrilu don ya dace da ranar juyin mulki, kuma yana zagaya manyan biranen jihohi bakwai na lokacin, Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Yamai, Tawa da Zinder. Damagaram na cikin garuruwan farko da suka karɓi baƙuncinsa. Duk garin da festibal zai sauka sai an gina masa gidan matasa ko filin wasa ko dandali, kuma kuɗin yuraniyom na Arlit, da suka ƙaru bayan buɗe ma'adinin Akuta a 1978, su suka sa hakan ya yiwu.

Yadda ake haɗa tawagar jiha shi ne ya ba waƙoƙin kamanninsu. Ana fara gasa daga unguwa, Birni ta kara da Zango, Zango ta kara da Sabon Gari. Daga nan a haɗu da ƙungiyoyin Mirya, Magarya, Matamai, Gure da Tanut, a tace, a fitar da waɗanda za su wakilci jihar duka. Makonni kafin tafiya ana tara su wuri ɗaya, su ci tare, su kwana tare, su maimaita waƙa ɗaya har ta zauna. Masu tsara baitoci galibi malaman lakwal ne da ma'aikatan gwamnati, masu amshi 'yammatan unguwa ne cikin anko, masu kiɗa kuma sau da yawa 'ya'yan gidajen gado ne, domin su kaɗai suka iya hannu. A fili guda sai ga 'yar malami tana jan waƙa, ɗan makaɗi yana ba ta kiɗa, ɗan sarauta yana cikin masu rawa, abin da tsarar kakanninsu ba za ta taɓa yarda da shi ba. Iyaye da yawa sun ƙi da farko. Abin da ya sassauta su shi ne cewa wannan ba roƙo ba ne, ba a ambaton sunan mai kuɗi don ya yi kari, aikin ƙasa ne da mai unguwa da hukuma suka sa hannu. Waɗanda suka yi wannan zama tare sun riƙa ɗaukar juna 'yan'uwa har bayan watsewar ƙungiyoyin, suna halartar suna da aure da jana'izar juna.

Abin da ake waƙa a kai ba ɓoyayye ba ne, gwamnati ce ke nuna hanya. Haɗin kan ƙasa, noma da noman rani, yaƙi da hamada, yaƙi da jahilci, tsadar aure, auren dole, samarin da ke barin gona su tafi ci-rani. Bayan farin 1984 waƙoƙin dashen itace da tattalin abinci suka ƙaru. Ba za a ce waƙoƙi ne na 'yanci ba. An yi su a ƙarƙashin mulkin da ba ya jure suka, mai 'yan leƙen asiri a ko'ina, kuma yabon shugaba da sojoji na cikin abin da ke kawo maki. Amma gasa ta tilasta inganci. Tawagar da ta zo da wa'azi tsurarsa ba ta cin komai, sai wadda ta lulluɓe saƙon cikin karin da ke kama zuciya. Don haka masu tsarawa suka koma ga waƙoƙin gaɗa na dandali, da na daka da niƙa, da na reno, da karin Barebari da na Fulani da na Buzaye da ke cikin jihar, suka ɗora musu sababbin kalmomi. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa waƙar da aka yi don wani shirin gwamnati da aka daɗe da mantawa take da daɗin ji har yanzu. Gindinta ya girmi shirin.

Telbijin ta shigo Nijar ta ƙofar makaranta. A 1964 aka fara koyar da yara ta akwatin tele da taimakon Faransa, a wasu azuzuwa na kewayen Yamai. Daga kayan aikin wannan shiri da ma'aikatansa aka gina tashar ƙasa, wadda ta yi gwaji a 1978, ta fara aiki sosai a 1979 da sunan Tele Sahel. Cikin 'yan shekaru hoto ya iso Damagaram. Da farko ba kullum ake watsa shiri ba, wasu ranaku ne na mako, da maraice kawai. Akwatin kuma ya fi ƙarfin talaka, sai gwamnati ta rarraba na kallon jama'a, a gidajen samariya da dandalin ƙauyuka, da yawa masu aiki da hasken rana. Haka kallon tele ya zama taro. Bayan sallar isha'i yara su zauna gaba a ƙasa, mata gefe guda, dattawa a kan benci, mai tsaron akwatin ya buɗe shi da mabuɗi. Gidan da ke da nasa akwatin ma ba ya kallo shi kaɗai, domin maƙwabta za su cika tsakar gida.

Sabuwar tasha ba ta da shirye-shirye masu yawa, sayen na waje kuma da tsada. Abin da take da shi a hannu shi ne faifan festibal, sai ta riƙa sa shi tana maimaitawa, kafin labarai, bayan labarai, da duk lokacin da aka sami giɓi. Waƙar da aka rera sau ɗaya a dandali ta koma abin da ƙasa duka ke gani shekara guda cur, wata ma shekaru. Ɗan Agadas ya haddace amshin Damagaram, ɗan Damagaram ya haddace na Zabarmawa ba tare da ya ji harshen ba. Ga mutumin Zinder kuwa akwai ƙarin abu: fuskokin da ke cikin akwatin ya san su. Wannan 'yar gidan wane ce, wancan shi ke koyar da ƙanensa a lakwal. Haka abin yake ga wasan kwaikwayo. Ƙungiyar Zinder da Yazi Dogo ya yi fice a cikinta, shi ma malamin makaranta, ta sa Hausar Damagaram da barkwancinta sun zama abin jira a tele daga wannan iyakar ƙasa zuwa waccan. Garin da aka ƙwace wa hedikwata ya sami fagen da yake gaba.

Kiɗan zamani mai jita da ganguna na Turawa ya samu nasa fagen daga baya. A 1987 aka ƙirƙiro gasar Ɗan Gurmu, da sunan shahararren makaɗin nan na Tawa, don ƙungiyoyin orkes. Sharaɗin da ya fi tasiri shi ne a yi waƙa da harsunan gida, a kuma ɗora ta kan kiɗan gida, maimakon kwaikwayon rumbar Kwango da kiɗan Kuba da orkes ɗin farko suka saba. Kowace jiha ta fito da gwanayenta. Maraɗi na da Sa'adu Bori, Damagaram na da Super Haske da Sani Abusa, sai kuma Dangana da Ali Acibili. Daga jihar ne kuma Malam Mamman Barka ya fito, Batube haifaffen Taskar a 1959, malamin makaranta da ya ɗauki gurmi mai tsirkiya biyu ya yi waƙa da Hausa da Barbarci da Tubanci da Faransanci, har sunansa ya ƙetara zuwa Najeriya. Malamin makaranta ya tsaya gaban jama'a da gurmi ba tare da an ce ya zubar da mutuncin gidansu ba, wannan amfanin shekarun samariya ne. Daga baya ya je bakin tafkin Chadi ya koyi biram, kayan kiɗan masunta Buduma mai tsirkiya biyar, wajen tsohon da ya rage da saninsa, ya kai shi har Turai kafin rasuwarsa a 2018.

Kunce ya rasu a Nuwamba 1987, Ali Shaibu ya gaje shi ya sassauta mulki. Farashin yuraniyom ya riga ya faɗi tun farkon shekarun 1980, baitulmali ya rame. Babban taron ƙasa na 1991 ya kawo jam'iyyu da yawa, samariya kuma, da yake ana ganin ta 'yar gidan tsohon mulki ce, ta mutu tare da shi. Festibal ya daina zuwa a kai a kai. Karyewar darajar sefa a Janairu 1994 ta ninka kuɗin jita da amfilifaya da duk abin da ake sayowa waje. Mawaƙa da yawa suka koma waƙar 'yan siyasa da ta biki, domin a nan kuɗi yake. A daidai lokacin aka buɗe gidajen rediyo masu zaman kansu, Anfani ta kafa reshe a Zinder, tashoshin tele masu zaman kansu suka biyo baya daga 2000. Finafinan Kano suka cika kasuwar Dole da waƙoƙin soyayya na fiyano masu salon Indiya, samarin Yamai suka kawo rap. Matasan Damagaram da a da za su shiga samariya suka koma zaman fada, wato majalisar hira ta samari, kowace da sunanta da butar shayinta da rediyonta. Daga nan ba a sake samun waƙa guda da kowa ke kallo a dare guda ba.

Wannan rashin na cikin abin da ke riƙe da tsofaffin waƙoƙin. Wanda yake da shekara goma zuwa ashirin a 1982 yanzu ya haura hamsin, kuma sananne ne cewa waƙar da mutum ya ji a shekarun tashensa ta fi kowace zama a ransa. A Amurka wannan ne ya raya faifan iyalin Partridge. A Damagaram an ƙara da cewa ba a ɗaki aka ji su ba, a tsakiyar jama'a aka ji su, don haka idan waƙar ta tashi ba ƙuruciya kaɗai take dawo da ita ba, har da unguwa da maƙwabta da iyayen da suka rasu. Akwai kuma begen zamanin kansa, lokacin da ake biyan albashi a kan kari, makaranta da asibiti ba su gagari talaka ba, ma'aikaci na tsoron taɓa kuɗin gwamnati. Wannan bege yana da gaskiyarsa, amma yana tsallake tsoron da aka zauna cikinsa, da waɗanda aka tsare ba shari'a, da yunwar 1984, da ƙishirwar ruwan da Zinder ta sha a waɗancan shekaru. Waƙoƙin ba su faɗi waɗannan ba domin ba a yarda su faɗa ba, kuma mai sauraro na yau ya kamata ya san da haka ko da yana jin daɗinsu.

Matasan da ba su ga zamanin ba suna da nasu dalilin. Kunnen da ya saba da kiɗan kwamfuta da muryar da na'ura ta gyara yakan tsaya idan ya ji 'yammata ashirin suna amshi da murya ɗaya a kan kalangu da ƙwarya da tafi. Hausar waƙoƙin ma ta gida ce, da kalmomin Damagaram da finafinan Kano ba sa amfani da su. Mawaƙan yanzu kan ɗauki tsohon kari su sabunta shi, kuma a manyan bukukuwa irin na ranar Jamhuriya, 18 ga Disamba, wanda Zinder ta karɓa a 2006 da kuma 2018 da sunan Zinder Sabuwa, tsarin tawagar jiha da anko da amshi shi ake komawa gare shi.

Hanyar da waƙoƙin suka bi suka tsira ba ta hukuma ba ce. Mutane ne suka riƙa ɗauka daga rediyo zuwa kaset, masu shagon kaset suka kwafa suka sayar, daga baya masu tura waƙa a kasuwa suka mai da su cikin katin waya, yau kuma suna yawo a WhatsApp da Facebook da YouTube, wasu da hoto mai hazo da tambarin Tele Sahel a kusurwa. 'Yan Nijar mazauna Kano da Legas da Libiya da Turai na cikin masu yaɗa su sosai. Wani lokaci tsirar takan zo daga waje. Mamman Sani, mai ogan ɗin da rediyo da tele suka shekara suna sa kiɗansa tsakanin shirye-shirye, ya ɗauki kaset ɗinsa a 1978 aka buga kaɗan. Kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi a 2013, sai ga kiɗan da kowane ɗan Nijar ya sani ba tare da ya san mai shi ba ya kai mutumin dandalin Turai.

Waƙoƙin festibal ba su sami irin wannan gata ba tukuna, kuma dalilin na cikin yadda aka yi su. An san su da sunan jiha ko na ƙungiya da shekarar gasa, ba da sunan wanda ya tsara ko wadda ta ja waƙar ba. An kafa hukumar kare haƙƙin mawallafa ta Nijar a tsakiyar shekarun 1990, bayan samariya ta riga ta watse, saboda haka waƙar da mutum talatin suka haɗu suka yi a 1980 da wuya a ce ga mai ita a takarda. Asalin faifan yana ma'ajiyar gidan rediyo da telbijin na ƙasa a Yamai, a kan zaren maganaɗisu irin na da, wanda zafi da ƙura ke ci, na'urorin karanta shi kuma an daina ƙera su. Sunayen masu jan waƙa da masu kiɗa da malaman da suka tsara baitoci suna bakin tsofaffin 'yan ƙungiya da suka rage a Birni da Zango da Mirya da Magarya, mafi yawansu mata ne da suka zama kakanni, kuma su ne kaɗai za su iya kallon tsohon hoton su ce wance ce wannan, a shekara kaza, a gari kaza.